Sharhi Kan Rumbun Sunaye na CWGC: Hanyar da Ƙauye Zai Bi Ya Nemo Mazan Jiyansa

Duk ƙauyen da ya ƙudiri aniyar tattara sunayen 'ya'yansa da suka tafi Yaƙin Duniya ba su dawo ba, ko don a rubuta su a allo a makarantar gari, ko don a riƙa ambatonsu cikin addu'a ranar tunawa da mazan jiya, yana da wurin da zai fara nema daga kan wayar hannu ba tare da ya biya ko sisi ba. Wurin shi ne rumbun sunaye na hukumar Commonwealth War Graves Commission, wadda ake taƙaita sunanta da CWGC, kuma ana samun sa a adireshin cwgc.org. Na yi aiki da wannan rumbu da niyyar ganin ko zai amfani mutanen karkara a ƙasar Hausa, kuma hukuncina shi ne yana da amfani ƙwarai, ya cancanci a san da shi a kowace gunduma. Sai dai rabin aikin kawai yake iya yi, domin yana riƙe da sunan soja da lambarsa da ranar rasuwarsa, amma sau da yawa bai san ƙauyen da sojan ya fito ba. Wannan rabin da ya rage yana bakin dattawan gari.

An kafa hukumar a 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, bisa ƙoƙarin wani Bature mai suna Fabian Ware, kuma a lokacin ana kiranta hukumar kaburburan yaƙi ta daular Ingila, sai a 1960 aka sauya mata suna zuwa wanda take amsawa yanzu. Hedikwatarta tana garin Maidenhead a Ingila, ƙasashe shida ne kuma suke ɗaukar nauyinta: Birtaniya, Kanada, Ostireliya, New Zealand, Afirka ta Kudu da Indiya. Tana kula da kaburbura da wuraren tunawa na mutum kimanin miliyan 1.7, a wurare 23,000 da ke warwatse a ƙasashe da yankuna fiye da 150. Ƙa'idar da ta ɗora wa kanta tun farko ita ce kowane mamaci a rubuta sunansa, ko a kan kabarinsa ko a jikin bangon tunawa idan ba a san inda gawarsa take ba, kuma kada a bambanta tsakanin janar da farabiti, ko tsakanin launin fata, ko addini. Da wannan ƙa'ida ya kamata a auna aikinta, kuma da ita zan auna shi.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa ƙauyen Bahaushe da wata hukuma da ke Ingila. Abin da ya haɗa su shi ne rundunar sojan Afirka ta Yamma da Turawa suka kafa a ƙarshen ƙarni na 19, wadda Arewacin Nijeriya ya kasance babbar matattarar ɗaukar sojanta, har Hausa ta zama harshen bariki ga Bahaushe da wanda ba Bahaushe ba. A yaƙin farko waɗannan sojoji sun yaƙi Jamusawa a Kamaru, a Garwa da Banyo da dutsen Mora wanda bai miƙa wuya ba sai a Fabrairun 1916, sannan aka kai su Gabashin Afirka inda suka sha wuya a gumurzun Mahiwa cikin Oktoban 1917. A yaƙi na biyu sun kori Italiyawa daga Mogadishu a farkon 1941, suka nausa cikin Habasha, daga baya aka kafa runduna ta 81 da ta 82 a 1943, aka tsallaka teku da su zuwa Indiya, daga can zuwa dazuzzukan Bama domin yaƙar Japanawa. Sojojin Afirka ta Yamma kimanin 90,000 ne suka yi wannan yaƙi na gabas, kuma fiye da rabinsu 'yan Nijeriya ne. Sun yi faɗa a kwarin kogin Kaladan da yankin Arakan, suka kama Myohaung a Janairun 1945, bataliyoyi uku na Nijeriya kuma suka shiga cikin mayaƙan Chindit da ake saukewa a bayan layin abokan gaba. Wanda ya san barikin Kalapanzin da na Dalet a Kaduna, ko barikin Chindit a Zariya, ya riga ya san sunayen wannan yaƙi ko da bai san asalinsu ba.

Yadda ake neman suna ba shi da wuya. A shafin farko akwai gurbin rubuta sunan mamaci, akwai kuma faɗaɗɗen bincike inda mutum zai iya ƙara lambar soja, sunan runduna, yaƙin da yake nufi, ranar rasuwa, ƙasar da aka binne shi ko aka rubuta sunansa, da sunan maƙabarta. Idan an dace, sai shafin sojan ya buɗe da muƙaminsa, ko farabiti ne ko kofur ko saje, da lambarsa, da bataliyarsa, da ranar da ya kwanta dama, wani lokaci har da shekarunsa, sannan wurin da kabarinsa yake da layinsa da lambarsa, ko kuma fuskar bangon da aka sassaƙa sunansa. Sojojin Nijeriya na yaƙi na biyu lambarsu tana farawa da haruffan NA, na Gana kuma, wadda a lokacin ake kira Gold Coast, da GC. Wanda ba shi da suna a hannu yana iya rubuta Nigeria Regiment a gurbin runduna ya ga jerin gaba ɗaya, kuma ina ba kowane mai son tarihin ƙasarsa shawarar ya yi hakan ko sau ɗaya, domin ganin sunayen garuruwan da ya sani jere a ƙarƙashin ranakun 1944 da 1945 yana sauya yadda mutum yake kallon wannan yaƙi da ake ɗauka na Turawa ne kaɗai.

Abubuwa uku ne suka fi burge ni. Na farko, kyauta ne, kuma ba a neman mutum ya nuna dangantakarsa da mamacin kafin a ba shi bayani, don haka malamin makaranta ko sakataren ƙungiyar cigaban gari zai iya yi wa gari duka aikin. Na biyu, kowane mamaci yana da takardar shaida da ake iya saukewa a buga, ɗauke da sunansa da rundunarsa da hoton wurin da ake tunawa da shi. Wani zai ga takarda ce kawai, amma gidan da aka shekara tamanin ana cewa kakanmu ya tafi Bama bai dawo ba, ba a san rana ba, ba a san wuri ba, wannan takarda ita ce sanarwar rasuwa ta farko da za su riƙe a hannu. Na uku, kuma shi ne mafi daraja ga mai bincike, a ƙarƙashin shafukan mamata da yawa an sa hotunan ainihin takardun hukumar na da, wato rajistar kaburbura da jadawalin abin da aka rubuta a kan dutse, da takardun da ke nuna inda aka fara binne soja kafin a tono shi a mai da shi babbar maƙabarta. Daga irin wannan takarda mutum zai iya gane kusan inda sojan ya faɗi, ba inda yake kwance yanzu kaɗai ba.

Ya kamata a san iyakar lokacin da rumbun ya ƙunsa. Yana ɗauke da waɗanda suka rasu daga 4 ga Agusta 1914 zuwa 31 ga Agusta 1921, da kuma daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947. Wannan tsawaitawa bayan an daina harbi tana da muhimmanci a gare mu, saboda ba harsashi ne kaɗai ya kashe mutanenmu ba. Zazzaɓin cizon sauro da atini da sauran cututtukan daji sun kwantar da mutane da yawa, wasu kuma sun rasu a sansanonin Indiya suna jiran jirgin ruwan da zai dawo da su gida bayan yaƙi ya ƙare. Hukumar ba ta bambanta wanda ya faɗi a bakin daga da wanda ya rasu a gadon asibiti ba, muddin yana cikin kaki a wannan lokaci, kuma a ganina wannan adalci ne da ya kamata ƙauye ma ya bi idan ya zo rubuta nasa jerin.

Sunayen suna kai mai nema wurare masu nisa. Mafi yawan waɗanda suka faɗi a Bama ana samun su a maƙabartar Taukkyan da ke arewa da birnin Yangon, inda aka tattaro kaburbura fiye da 6,000 daga Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw, kuma a tsakiyarta akwai dogayen ginshiƙai ɗauke da sunayen kusan mutum 27,000 da ba a san kabarinsu ba. Wasu suna kwance a Chittagong da Maynamati a ƙasar Bangaladesh ta yau. A gida kuma akwai bangon tunawa na Abuja a cikin maƙabartar sojoji ta ƙasa, mai ɗauke da sunaye fiye da 2,000 na yaƙoƙin biyu, akwai kuma tsofaffin wuraren tunawa na yaƙin farko a Zariya da Lakwaja da Ibadan da Kalaba. Tun bayan juyin mulkin soja na 2021 a Myanmar, wato Bama ta da, da yaƙin da ake yi a jihar Rakhine wadda ita ce Arakan ta da, ziyartar waɗancan wurare ta fi ƙarfin talaka har ma da mai hali, saboda haka abin da rumbun yake nunawa a waya shi ne kusan iyakar abin da iyalai za su gani.

Babbar wahalar amfani da rumbun tana cikin sunaye, kuma a nan zan daɗe. Tsarin binciken an gina shi ne bisa al'adar Turawa ta sunan yanka da sunan dangi, alhali sojan da aka ɗauka a Arewa a 1941 ba shi da sunan dangi irin wannan. Abin da akawun bariki yake yi shi ne ya rubuta sunan mutum ya liƙa masa sunan gari, sai a sami Audu ko Garba ko Musa, a bayansa kuma Kano ko Sakkwato ko Bauci ko Yola. Garin da aka rubuta kuwa sau da yawa ba mahaifarsa ba ne, babban birnin lardinsa ne, ko wurin da aka ɗauke shi, ko garin da shi kansa ya ga Bature zai fi ganewa. Mutumin da ya fito daga wani ƙauye mai nisan kwana biyu a ƙasa daga birnin Katsina, a takarda Katsina ne kawai. Ga shi kuma sunayen yanka namu ba su da yawa, don haka suna ɗaya da gari ɗaya yana iya fitowa sau da dama a jerin, kowanne da lambarsa da ranar rasuwarsa daban.

Rubutun ma wani aiki ne. Kunnen Bature da alƙalamin akawu sun juya sunaye yadda suka ga dama, Muhammadu ya koma Momadu ko Mama ko Momo, Garba ya koma Garuba, Ahmadu ya koma Amadu, Abdu ya koma Audu ko Awudu, Katsina kuma a tsofaffin takardu takan fito da Katsena. Injin binciken yana neman abin da aka rubuta ne, ba abin da aka nufa ba, saboda haka wanda ya rubuta suna yadda muke rubuta shi yau, bai ga komai ba, kada ya yanke ƙauna. Ya gwada kowane salo da zai iya tunawa, ya gwada sa sunan gaba ɗaya a gurbin sunan dangi, ya juya shi ya fara da sunan gari, ya kuma gwada sunan garin shi kaɗai tare da sunan runduna. Akwai kuma gurbin ƙasar da soja ya yi wa aiki, inda mai nema zai so ya ga Nijeriya ko Gana, amma sojojin ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka a lokacin an lissafa su ne cikin rundunar Birtaniya. Ta fuskar tarihi haka abin yake, amma ga jikan da ke neman kakansa wannan tsari yana ɓatar da hanya, kuma da hukumar ta ƙara gurbin ƙasar asali da ta sauƙaƙa wa miliyoyin mutane.

Wani abin lura shi ne ba duk mai sunan Hausa a jerin ne Bahaushe ba, kuma ba duk ɗan Nijeriya ba ne. Mutanen tsakiyar Nijeriya da yawa sun shiga soja da sunayen Hausa, haka nan Zabarmawa da mutanen Cadi da Arewacin Kamaru sun tsallako iyaka sun shiga rundunar Ingilishi. Wannan yana nufin ƙauye a jihar Dosso ko Maraɗi yana iya samun ɗansa a wannan rumbu, yana kuma nufin kada wani gari ya ga sunansa a bayan sunan soja ya ɗauka tabbas ɗansa ne.

A ƙasan kowane shafi akwai gurbin ƙarin bayani, inda ake rubuta ɗan wane ne, mijin wace ce, daga wane gari. Wannan layi guda shi ne yake mai da lamba ta koma mutum mai gida da dangi. Hukumar ta samo shi ne daga takardun da ta riƙa aika wa iyalan mamata bayan yaƙi domin su tabbatar da bayani. A shafin sojan Ingila galibi za a ga sunan uwa da uba da titin da suke zaune. A shafukan sojojinmu na yaƙi na biyu wasu suna da sunan uba ko mata da gari, kuma idan aka dace da irinsu aiki ya yi sauƙi, amma da yawa gurbin fayau yake, na yaƙin farko kuwa ya fi zama haka. Takardar da aka tsara domin gidan da ke da adireshi da mai karanta Turanci ba ta isa zauren da ke bayan dutse ba, kuma babu wanda ya bi sawu ya tambayi dagaci.

Wannan bambanci shi ne ya sa ƙauyukan Ingila suke cin moriyar rumbun fiye da yadda namu za su ci. A can, da yake gwamnati ta hana dawo da gawarwakin sojoji gida, mutanen kowane ƙauye sun yi karo-karo bayan 1918 suka kafa dutse a dandalin gari ko a harabar coci, suka rubuta sunayen 'ya'yansu tun iyayensu suna raye. An ƙiyasta irin waɗannan wuraren tunawa sun kai 100,000 a Birtaniya, kuma ƙauyukan Ingila da Wales da duk mazansu suka dawo da rai daga yaƙin farko ba su wuce hamsin da 'yan kai ba. Ba hukumar ce ta gina waɗannan duwatsu ba, aikin mutanen gari ne. Saboda haka mai bincike a can yana farawa da jerin da kakanninsa suka bar masa, ya je rumbun ya cike ranaku da wurare. Mu kuwa daga baya muke farowa, muna da rumbu amma ba mu da jeri, sai mun haɗa shi da kanmu.

Akwai kuma waɗanda ko sunansu babu, kuma ba zai yiwu a yi sharhi na gaskiya a tsallake wannan ba. A Afrilun 2021 hukumar ta wallafa rahoton wani kwamiti da ita kanta ta kafa, wanda ya gano cewa bayan yaƙin farko mutum 45,000 zuwa 54,000, galibinsu Indiyawa da 'yan Afirka, ba a tuna da su daidai da yadda aka tuna da Turawa ba, sannan aƙalla 116,000, wataƙila har 350,000, galibi daga Gabashin Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ba ko kuma ba a tuna da su ta kowace hanya ba. Rahoton ya ce wariyar launin fata ta zamanin mulkin mallaka ce ta haddasa haka, ya kuma kawo maganar gwamnan Gold Coast na lokacin, Guggisberg, wanda a 1923 ya ce talakan ƙasar ba zai fahimci darajar dutsen kabari ba. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a gaban majalisar dokoki. Waɗanda abin ya fi shafa su ne 'yan dako, waɗanda suka ɗauki harsasai da abinci a ka suka bi sojoji cikin daji, suka mutu da yunwa da cuta, kuma daga Nijeriya ma an kwashi irinsu zuwa Kamaru da Gabashin Afirka.

Ina yaba wa hukumar da ta buɗe takardunta ta faɗi laifinta da bakinta, domin ba kowace hukuma ce take yin haka ba, kuma ta soma gyara. A Janairun 2025 an buɗe sabon wurin tunawa a birnin Cape Town mai ɗauke da sunayen baƙaƙen leburorin soja fiye da 1,700 na Afirka ta Kudu da aka manta da su fiye da shekara ɗari. Amma ga mai amfani da rumbun a ƙasar Hausa, darasin da ke cikin rahoton a aikace yake: rashin ganin suna ba hujja ba ce cewa mutum bai je yaƙi ba ko bai mutu a can ba. Idan tsofaffin gari sun haɗu a kan cewa wane ya tafi dakon kayan soja zamanin yaƙin Jamus bai dawo ba, shaidarsu ta isa a sa shi a jerin gari, ko da kwamfuta ba ta san shi ba.

Sauran iyakokin a taƙaice suke. Rumbun bai ƙunshi yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ba, bai ƙunshi waɗanda suka rasu a Kongo ko Laberiya ko Saliyo ba, balle waɗanda suke faɗuwa yau a Arewa maso Gabas, alhali ranar 15 ga Janairu da Nijeriya ke tunawa da mazan jiya ta haɗa su duka. Waɗanda suka yi soja a ƙarƙashin Faransa daga Nijar ko Cadi sai a neme su a rumbun ma'aikatar sojan Faransa mai suna Mémoire des hommes. Hukumar ba ta ajiye fayil ɗin aikin soja, kuma ba kasafai take faɗin yadda mutum ya mutu ba, wanda yake son wannan sai ya nemi littattafan da bataliyoyi suka riƙa rubuta abin da ya faru kullum, waɗanda ke ajiye a gidan adana takardu na Kew a Landan. Sannan babu sigar Hausa, duk aikin da Turanci ake yi, da gajerun kalmomin soja da ko mai digiri sai ya yi tambaya. Rundunar da aka yi wa fareti da Hausa ta cancanci a ce jikokinta suna da ko shafi guda na jagora da harshensu.

Ga garin da ya yi niyya, shawarata ita ce kada a fara da waya, a fara da zaure. A sami izinin hakimi ko dagaci, a zauna da tsofaffi maza da mata, domin sau da yawa tsohuwa ce take riƙe da sunan ƙanin mahaifinta da ya tafi, da shekarar da aka yi fari ko aka naɗa wane sarki lokacin tafiyarsa. A tambayi sunan da ake kiransa da shi da sunan mahaifinsa da inda aka kai shi aka ɗauke shi, Zariya ne ko Kano ko Kaduna, da wanda suka tafi tare. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da amfani fiye da yadda ake zato, saboda waɗanda aka ɗauka rana ɗaya a wuri ɗaya lambobinsu sukan kusanci juna, don haka takardar sallama ta abokin tafiyarsa da ya dawo da rai, idan tana cikin adakar wani gida, za ta iya nuna wane ne daga cikin masu suna iri ɗaya. Lambobin yabo na yaƙin farko suna ɗauke da suna da lambar soja a gefensu, a duba su da kyau. Ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji na jiha, da gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna, da tsofaffin kofen jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a 1939 ta kuma riƙa kawo labaran yaƙin, duk wurare ne da za a ƙara dubawa.

A yi hattara da gaggawar liƙa wa gida kabarin da ba nasu ba. Idan suna ya yi daidai amma babu lamba, babu sunan uba, babu wata shaida ta biyu, a rubuta shi a jerin waɗanda ake zato, a faɗa wa iyalin gaskiya. Mutanen da suka jira shekara tamanin sun cancanci tabbaci ko kuma bayani na gaskiya cewa ba a samu ba.

Game da siffar abin tunawa kuwa, ba dole ne mu kwaikwayi ƙauyen Ingila ba. Mutum-mutumi da gini a kan kabari ba su dace da aƙidar mafi yawanmu ba, kuma ita hukumar ma ta kiyaye wannan a nata ɓangaren, domin a duwatsun sojoji Musulmi da yawa ayar Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un aka rubuta da Larabci. Allon sunaye a bangon makarantar firamare, da boko da ajami, ya wadatar, ko rijiya ko ɗakin shan magani da za a yi sadaka mai gudana da sunansu, tare da littafi guda a hannun dagaci wanda aka liƙa takardun shaidar da aka buga daga rumbun. A garuruwan da Musulmi da Kirista suke zaune tare, jeri ɗaya ya kamata a yi, tun da bataliya ɗaya suka yi.

Abu na ƙarshe da ya sa nake ganin rumbun ya cancanci wahalar da ke cikinsa shi ne yana karɓar gyara. Hukumar tana duba buƙatar gyaran suna ko ƙarin bayani idan an kawo hujja a rubuce, tana karɓar batun wanda ake ganin an tsallake shi, tana kuma da sashe mai suna For Evermore inda jama'a suke sa labari da hoton mamaci. Garin da ya gano ɗansa ya kamata ya aika da sunan ƙauyen da sunan mahaifinsa da abin da dattawa suka faɗa, a rubuce, da sa hannun dagaci da kofen duk takardar da aka samu, domin wanda zai zo nema daga baya ya iske gurbin a cike. Matasan da suka iya Turanci da waya su ne za su yi wannan ɓangare, kuma ya kamata ƙungiyoyin ɗalibai na garuruwa su ɗauke shi a matsayin aikin hutun bana, su fara da gidajen da ke da tsofaffi mafi yawan shekaru.